Yadda Ake Ɗaukar Hoton Kwaɗi, Ƙadangaru da Macizai da Waya a Farkon Damina

Duk wanda gidansu ke kusa da kududdufi ya san abin da ke biyo bayan ruwan sama na farko mai ƙarfi: kukan kwaɗi har asuba. Wata shida ko bakwai ba a ji ɗuriyarsu ba, sai ga shi a dare ɗaya sun cika unguwa kamar daga sama aka zubo su. Da hantsi ya dubi ludayi, jan gwada na kan katanga yana gyaɗa kai, kan nan ya yi jawur. A bayan gari kuwa, masu sharar gona da masu shuka sun fara cin karo da macizai.

Waɗannan 'yan makonni, daga ƙarshen bazara zuwa farkon damina, su ne suka fi kowane lokaci dacewa da ɗaukar hoton irin waɗannan halittu, kuma wayar da ke aljihun saurayi ko budurwa ta isa ta yi aikin. Sai dai kyamarar waya na da wata ɗabi'a da ya kamata a sani tun kafin a fita: tana jan mai ita ya matso kusa. Matsowar nan ita ce ke ba da kyakkyawan hoton kwaɗo, ita ce kuma ke kai mutum asibiti idan abin da ke gabansa kububuwa ce.

Me ya sa sai wannan lokaci?

Maciji da ƙadangare da kwaɗo ba sa samar da ɗumin jikinsu da kansu yadda mutum ko akuya ke yi. Yanayin da ke kewaye da su ne ke ɗumama su ko ya sanyaya su, saboda haka kuzarinsu na bin yanayi sau da ƙafa. A Turai da Amurka sanyin ƙanƙara ne ke kora su cikin ramuka, sai daga watan Maris zuwa Mayu su fito. Masu sha'awar neman su suna kiran wannan yawo da suna herping, kuma suna jiran lokacin kamar yadda manomi ke jiran ruwan shuka. A Narcisse da ke lardin Manitoba na ƙasar Kanada, dubban macizai marasa haɗari ne ke fitowa daga kogunan duwatsu a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu, mutane na zuwa kallo. A jihar Illinois ta Amurka akwai wata hanya a dajin Shawnee da ake hana motoci bi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Mayu, don kawai macizai da kwaɗi su tsallaka daga tsaunuka zuwa fadama lafiya.

A ƙasar Hausa fari ne ke ɓoye su, ruwa ne ke fito da su. Wasu manyan kwaɗi kan binne kansu a ƙasa tun ƙarshen damina, su lulluɓe jikinsu da tsohuwar fatarsu don kada su bushe, sai danshi ya ratsa ƙasar su tono kansu. Ruwan farko na fito da shinge da gara da sauran ƙwari, kwaɗi da ƙadangaru na bin ƙwari, macizai kuma na bin kwaɗi da ɓeraye. Lokacin ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Mutanen Jos da Abuja kan fara gani tun Afrilu, Zariya da Kaduna a Mayu, Kano da Katsina da Sakkwato daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, Maradi da Damagaram kuma sai Yuni ta kankama.

Abin da kyamarar waya ke ɓoyewa

Babbar kyamarar da ke bayan kusan kowace waya, wato wadda ke buɗewa a kan 1x, idonta mai faɗi ne. An ƙera ta don ta ɗauki taron biki ko ɗaki guda, shi ya sa ƙaramin abu ke zama ɗan ɗigo a tsakiyar hoto. Kafin macijin da ya nannaɗe ya cika allo, sai wayar ta matso ƙasa da rabin mita, hannun mai riƙe da ita na biye. Ƙari a kan haka, ido mai faɗi na nuna abu kamar ya fi nisa fiye da yadda yake a zahiri. Mutumin da ya zuba wa allo ido yana tafiya gaba zai ɗauka da sauran rata, alhali ya riga ya shiga inda sara zai iya kai masa.

Zum kuma iri biyu ne. Wayoyin da ke da kyamara ta musamman ta hango nesa, waɗanda ake ganin 2x ko 3x ko 5x a jikin allonsu, suna jawo abu kusa ta hanyar gilashin ido, hoton bai rasa komai ba. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi ba su da ita. Idan aka ja yatsu biyu a kan allonsu, yanke hoton kawai suke yi su kumbura shi, shi ya sa yake fitowa dishi-dishi. Ga mai irin wannan waya, dabarar da ta fi ita ce ya kunna tsarin cikakken megafiksel, wanda aka saba rubutawa 50MP ko 64MP ko 108MP, ya ɗauka daga nesa a cikin haske mai kyau, sa'annan ya yanke daga baya. Ba zai kai na kyamarar hango nesa ba, amma ya fi zum na yatsa.

Sai tsarin Macro, na ɗaukar ƙananan abubuwa. Shi sai an kai waya kamar santimita 2 zuwa 4 daga abin da ake ɗauka yake aiki. Yana da daɗi a kan idon kwaɗo ko fatar hawainiya. A kan maciji kuwa ba shi da gurbi ko kaɗan.

A fara da ƙadangare

Babu makarantar da ta kai jan gwada. Yana ko'ina, ba ya cutarwa, kuma duk kuskuren da mai koyo zai yi a daji zai fara yin sa ne a kansa a tsakar gida. Da sassafe launinsa a dushe yake, jikinsa kuma a mace. Yayin da rana ta fara ɗumama bango zai fito shan hantsi, a nan ne launin ke tashi, shi kuma bai gama samun kuzarin gudu ba. Tsakanin ƙarfe 8 zuwa 10 na safe ya fi tsakar rana nesa ba kusa ba, don hasken tsakar rana na ƙona launi ya bar inuwa baƙi ƙirin.

Babban namiji na da wurin da ya mallaka, dutse ko kan katanga ko kututture, kuma ko an kore shi zai dawo. Saboda haka bin sa da gudu ɓata lokaci ne. A gane wurinsa, a zauna nesa kaɗan, a jira. In za a matso, a yi a hankali ta gefe, kada inuwar mutum ta faɗa masa.

Abu biyu ne ke raba hoton da ake tsayawa a kalla da wanda ake wucewa. Na farko, a sauke waya daidai da idon dabbar. Hoton da aka ɗauka a tsaye daga sama ba ya nuna komai sai baya da ƙasa. Juya wayar kai ƙasa, yadda kyamara za ta kusa taɓa ƙasa, na taimakawa sosai. Na biyu, a taɓa idon dabbar a kan allo don kyamara ta mai da hankali a nan. A yawancin wayoyi, idan aka danna aka riƙe na daƙiƙa ɗaya ko biyu, saitin zai kulle, ba zai riƙa tsalle zuwa ciyawar da ke baya ba. Da yake ƙadangare ba ya rabuwa da gyaɗa kai, gara a ɗauki hotuna da yawa a jere a zaɓi guda. Mai tsarin Pro a wayarsa na iya sa saurin ɗauka a 1/500, motsin zai tsaya cak.

Daga nan sai sauran dangi: kulɓa mai sheƙi a cikin busassun ganye, tsaka a jikin bango kusa da ƙwan fitila, guza a bakin rafi, damo a kusa da suri. Ana yi wa damo kirari da sarkin haƙuri, amma idan aka ƙure shi yana bulala da wutsiya, yana cizo. Ita kuwa hawainiya da rana sai mai sa'a ke ganin ta. Da dare ta fi sauƙin samu, domin idan ta yi barci a ƙarshen reshe launinta na yin fari-fari, hasken tocila na fito da ita sarai.

Kwaɗi: aikin dare ne

Kunne ke nemo kwaɗo kafin ido. Maza ne ke kuka don kiran mata, kuma kowane jinsi da irin kukansa. Wanda ya tsaya shiru a bakin fadama na minti biyar zai fara rarrabe muryoyi: mai kauri kamar gurnani, mai kama da ƙaramar ƙararrawa, mai ƙyas-ƙyas. Masu siririyar muryar nan sau da yawa 'yan mitsi-mitsin kwaɗi ne da ba su wuce santimita 2 ko 3 ba, suna manne a jikin ciyawa sama da ruwa, kuma su ne suka fi kyau a hoto. Da zarar an matso sukan yi tsit. A kashe fitila, a tsaya, za su ci gaba.

Idan aka riƙe tocila kusa da goshi aka haska saman ruwa, idanun manyan kwaɗi na maido da hasken. Ƙananan ɗigo masu ƙyalli da ake gani a cikin ciyawa kuwa galibi idanun gizo-gizo ne.

Filashin waya shi ne babban mai ɓata hoton kwaɗo. Yana daf da kyamara, hasken na dukan jiƙaƙƙiyar fata ya dawo kai tsaye, sai a sami farin tabo a gadon baya, bayan hoton kuma duhu. Tsarin Night ma ba kullum yake ceto ba, saboda hotuna da yawa yake ɗauka cikin 'yan daƙiƙoƙi ya haɗe su, kwaɗon da maƙogwaronsa ke kumbura yana saki kuwa zai fito a dame. Abin da ya fi aiki ba ya cin ko sisi: aboki ya riƙe tocila ko fitilar wata wayar daga gefe, a rufe bakinta da farar leda ko hankici don hasken ya yi laushi. Sai mai ɗauka ya taɓa ido a allo, ya ja alamar haske ƙasa kaɗan. Maɓallin ƙara sauti na jikin waya ko na iyafis na iya zama abin latsawa, wayar ba za ta girgiza ba.

Kada a manta da murya. Daƙiƙa 20 ko 30 na kukan kwaɗo a manhajar naɗar sauti kan isa masani ya gane jinsinsa ko da ba a gan shi ba.

Kwaɗo na shan ruwa da wani ɓangare na iska ta fatarsa. Hannun da aka shafa wa man sauro ko turare ko man shafawa na iya cutar da shi, don haka barin sa inda yake shi ne daidai, hoton ma ya fi kyau a haka. Game da wayar kanta, alamar IP67 ko IP68 na nufin za ta jure faɗawa ruwa mai tsabta na ɗan lokaci, IP54 kuma yayyafi kawai. Wayoyi da yawa ba su da ko ɗaya. Igiyar ɗaura waya a hannu ta fi arha a kan kuɗin mai gyara.

Akwai kuma maganar da ba ta shafi kyamara ba. Saurayin da aka gani da tocila a bakin gona da ƙarfe 11 na dare ba lallai 'yan banga su ɗauke shi mai neman kwaɗi ba. A zaɓi wurin da aka sani tun da rana, kusa da gari, a tafi mutum biyu ko uku, a sanar da mutanen gida da masu tsaron unguwa. Yankin da ke fama da 'yan bindiga kuwa babu hoton da ya kai a shiga dajinsa. Kwata da kududdufin unguwa da gindin fitilar titi ma suna da abin ɗauka.

Macizai

Inda kwaɗi suka taru, mai cin su na kusa. Shi ya sa ko wanda kwaɗo kawai ya fito nema dole ya sa takalmi rufaffe mai kauri, in so samu ne na roba mai tsawo, da dogon wando, ya kuma haska duk inda zai taka. Silifas ba takalmin wannan fita ba ne.

Yawancin macizan da ake gamuwa da su ba sa kisa, amma guda uku sun isa su sa a ɗauki kowanne da muhimmanci. Kububuwa, wadda ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, ƙarama ce, ba kasafai take wuce santimita 60 ba, launinta na sajewa da ƙasa, tana yawo da dare musamman bayan ruwa. Idan ta ji barazana takan nannaɗe ta riƙa goga ɓawon jikinta, ya ba da sauti kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Dafinta na hana jini daskarewa, kuma ita ce ta fi kowane maciji kashe mutane a arewacin Najeriya. Kasa gajera ce mai kauri, ba ta gudu, takan kwanta shiru har a taka ta. Rashin motsin nan ne ke yaudarar mai waya ya ga kamar ya sami mai haƙurin tsayawa hoto, alhali saranta na cikin mafi sauri. Kumurci kuwa ba ya buƙatar ya taɓa mutum: yana fasa kai ya feso dafi zuwa ido daga nisan mita 2 ko fiye, kuma fuskar mai ɗaukar hoto na daidai bayan wayar.

Maciji na iya kai sara kimanin rabin tsawon jikinsa, wani lokaci fiye. Mita 2 ita ce mafi ƙarancin ratar da ta dace da kowane maciji, wanda ya fasa kai kuma a ninka ta. A riƙa ɗaga ido daga allo ana duba tazarar gaske, a kuma bar masa hanyar tsira, kada a tsaya tsakaninsa da ramin da yake nufa. Ba a tsokanar sa da sanda don ya ɗaga kai, ba a zura hannu ƙarƙashin dutse ko tarin itace ko kwanon rufi. Wani ɗan baƙin maciji mai sheƙi da ke fitowa daga ƙasa bayan ruwa yana kama da marar cutarwa, amma haƙorinsa na fitowa ta gefen baki, ko an kama shi ta wuya yana soka yatsa. Ko macijin da aka kashe ma kansa na iya sara bayan wani lokaci. Bidiyon masu wasa da macizai da ke yawo a TikTok ba ya nuna ranar da abin ya ƙi.

Hoton maciji daga nesa, tare da ciyawa da duwatsun da yake ciki, ba ƙaramin hoto ba ne. Sau da yawa ya fi na kusa ba da labari, don yana nuna yadda dabbar ke ɓacewa a muhallinta.

Idan tsautsayi ya gitta

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duk shekara, kuma a 2017 ta sanya shi cikin jerin cututtukan yankuna masu zafi da aka yi watsi da su. A Najeriya, asibitin Kaltungo a jihar Gombe da cibiyar lafiya ta Zamko a Langtang ta jihar Filato sun yi suna wajen wannan jinya.

Wanda aka sara ya nisanci macijin, a cire masa zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Ba a ɗaure wurin tamau da igiya ko roba, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ba shi asfirin ko ibufurofen saboda suna ƙara zubar jini. Idan dafi ne ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon mintuna, sannan asibiti. A nan hoton da aka riga aka ɗauka na da amfani, don zai taimaka wa likita ya san irin macijin. In babu hoto kada a koma nema, likitoci na da gwajin daskarewar jini na minti 20 da ke nuna musu alamar dafin kububuwa. A dai rubuta lokacin da saran ya faru, a kuma tabbatar tun daga gida cewa akwai caji da katin kira a waya.

Bayan an dawo gida

Google Lens da manhajar Seek na iya faɗin sunan dabba daga hoto, amma hasashe suke yi. Akwai macijin da ƙwan tsuntsu kawai yake haɗiya, ba shi da dafi, amma zanen jikinsa da gogar ɓawonsa sak na kububuwa. Manhajar da za ta iya rikita su ta wannan ɓangare za ta iya rikita su ta ɗayan, don haka amsar waya ba ta zama izinin taɓa maciji ba. Matatun gyara hoto da na gyaran fuska ma a kashe su, domin suna shafe ƙananan zanen fata da masana ke dubawa.

Inda hoton zai fi amfani shi ne iNaturalist, manhajar kyauta da ta faro a 2008 a matsayin aikin ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Ana ɗora hoto ko sauti tare da rana da wuri, sauran masu amfani da ita, cikinsu har da masana, su tantance jinsin. Idan fiye da kashi biyu cikin uku na masu tantancewa suka yarda a kan suna guda, bayanin kan shiga rumbun GBIF da masu bincike a faɗin duniya ke ɗiba. Taswirar manhajar cike take da ɗigo a Turai da Amurka, amma arewacin Najeriya da Nijar fili ne fetal in ban da tsilli-tsilli. Kwaɗon da aka ɗauka a bayan gari a Gumel ko Tasawa na iya zama na farko da aka rubuta daga wannan yanki. Don bayanin ya cika, a kunna alamar wuri a saitin kyamara kafin a fita, a ɗora ainihin hoton daga ma'ajiyar waya. Wanda ya bi ta WhatsApp an matse shi, an kuma goge rana da wurin da ke cikinsa, sai dai in a matsayin takarda aka tura shi.

Alamar wurin nan tana da nata haɗari. Hoton tsaka a bangon ɗaki na ɗauke da adireshin gidan. Mesa da damo da guza da hawainiya kuma suna da masu neman su don fata ko nama ko sayarwa, kuma bayyana ainihin ramin da aka gan su na iya zama ajalinsu. A iNaturalist akwai zaɓin Obscured, wanda ke ɓoye ainihin wurin ya nuna wa jama'a yanki mai faɗin kusan kilomita 20 kawai. A Facebook ko Instagram kuwa sunan ƙaramar hukuma ya wadatar.